Ɗorin Cikin Gida

Wanda ya karya hannun shi ne ya riƙe ni aka ɗora shi. Ya durƙusa a bayana a tsakiyar ɗakin mahaifiyarsa, ya zagaye ƙirjina da hannuwansa biyu, ina jin hucin numfashinsa a ƙeyata da warin miyar da ta ɓata masa gaban riga. Iya tana gabana a kan tabarma. Ta tokare cinyata da ƙafa ɗaya, ta kama wuyan hannuna na dama.

"Riƙe ta da kyau," in ji ta. "In ta fizge sai mun koma farko."

"Na riƙe, Iya."

Ai riƙo kam ya iya shi, wannan ba sai an ba ni labari ba.

Iya ta yi bisimilla ta ja. Na cusa gefen mayafina a baki na cije, saboda tagar ɗakin titi take kallo, kuma lokacin ne yara ke dawowa daga makaranta. Na ji ƙashi yana gogar ƙashi a cikin naman jikina. Gumi ya karyo mini tun daga tsakar kai, ɗakin ya yi duhu ya dawo.

Surukata mai ɗori ce, wajen mahaifinta ta gada. Leburan da ya faɗo daga bene, ɗan ƙwallon da aka taɗe, ɗan babur ɗin da mota ta kwashe, duk a ƙofarta ake sauke su, har dogon benci aka ajiye a zaure don masu jira. Ni kuwa ban taɓa bin layi ba. Yatsa, haƙarƙari, kafaɗar da ta goce shekarar da na yi haihuwa ta biyu, duk a kan tabarmar nan aka gyara su. Sauran matan da ake duka suna da wahalar zuwa asibiti a tsare su da tambaya. Ni an hutar da ni. A gidanmu ake karyawa, a gidanmu ake ɗorawa, ko takalmi ba sai na sa ba.

Amma ran nan Iya ta daɗe tana latsa hannun, ba ta taɓa sandunan gorarta ba.

"Ƙashi biyu ne suka tafi," ta ce. "Kuma kumburin nan bai kwanta mini a rai ba. Wannan na asibiti ne, a ɗauki hoto a gani."

Na ji hannuwansa sun ƙara matse ni.

"Asibiti kuma, Iya? Su tambaye ta garin yaya? Kin san halinsu yanzu, abu kaɗan sai su kira 'yan sanda. So kike a tafi da ni a gaban jama'a?" Ya marairaice kamar ƙaramin yaro. "Ke da ake ɗauko majinyata daga asibitin a kawo miki? Don Allah, Iya. Wallahi sharrin Shaiɗan ne."

Shaiɗan dai. Ya sha ɗaukar laifi a gidanmu.

Iya ta dubi ɗanta, shi kaɗai Allah ya bar mata a cikin waɗanda ta haifa. Ta dubi hannun. Ni dai ba ta dubi fuskata ba.

Na zare mayafin daga bakina. "Iya, hannun kitsona ne fa. Da shi nake ci, da shi nake ciyar da yaran nan."

"Na sani, 'yar nan. Da izinin Allah za ki yi kitsonki."

Ta shafa mai, ta yi tofi, ta jera sandunan. Da yake ƙasusuwan sun ƙi zama inda ta ajiye su, sai ta ja ƙyallen da ƙarfin da ban taɓa jin ta ja ba. Ta naɗa, ta sake ja, ta ƙulle da haƙori.

* * *

Gashi ne ya jawo. Sili ɗaya.

Ni mai kitso ce tun ina budurwa. Akwai rumfa a tsakar gidanmu, a nan nake wuni a kan 'yar kujerata ta katako, kan mace a tsakanin gwiwoyina, ga mataji ga tsinke ga kwalbar mai. Ba yabon kai ba, yatsuna suna da sauri, kuma kitsona ba ya ja wa mutum ciwon kai. Sai dai gidan mai kitso, ko sau nawa aka share shi, sai an ga gashi: a buta, a igiyar shanya, a bakin murhu.

Ranar ya dawo cin abincin rana, matar da nake yi wa kitso ta fita ke nan. Na zuba masa shinkafa. Ya kai loma ta biyu, sai ya tsaya, ya jawo silin gashi daga bakinsa a hankali, ya ɗaga shi sama yana nuna mini.

"Mene ne wannan?"

Da na ce ya yi haƙuri in sake masa wani, wataƙila da a mari aka tsaya. Amma tun safe nake duƙe, bayana kamar zai tsinke, kuma an kwana biyu bai ajiye ko gishiri a gidan ba. Sai bakina ya riga ni.

"Gashin nan dai shi ya sayo shinkafar."

Ya watsar da farantin. Ya ɗauki kujerar kitsona ta ƙafa ɗaya. Kaina ya nufa, na ɗaga hannu na kare.

In ka gan shi a waje ba za ka yarda ba. Injiniya ake ce masa, gyaran firji da fanka yake yi. Duk ranar da lasifikar masallaci ta shaƙe shi ake kira, ya hau tsani ya gyara, ko ruwa ba ya karɓa. Ba ya wuce tsoho bai rusuna ba. Tsofaffin unguwa in suna yi wa 'ya'yansu faɗa da shi suke misali. Duk haƙurinsa a waje yake rabar da shi, ya dawo mini gida hannu wofi.

Kada a ce ban taɓa kai ƙara ba. Lokacin kafaɗa na kwashi yara na tafi gidanmu. Babana ya kira liman, aka zauna a falo. Liman ya yi magana mai kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ce Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa ɗaga hannu ya doki mace ba, kuma mafi alherin mutane shi ne mafi alheri ga iyalinsa. Mijina ya sunkuyar da kai yana share hawaye, kowa ya tausaya masa. Sannan liman ya juyo wajena.

"Ke kuma, 'yata, a ƙara haƙuri, a kula da harshe."

Aka yi addu'a aka shafa. Shi an ba shi hadisi ya tafi da shi, ni an ba ni aiki. Kafin la'asar ina cikin mota da yarana muna komawa.

* * *

Washegarin ɗorin aka fara zuwa dubiya. Abin da aka shirya a faɗa shi ne santsi ya kwashe ni a banɗaki, shi na yi ta maimaitawa har ya zauna mini a baki.

Matar mahauci, wadda nake yi wa kitso tun tana amarya, ta zauna a bakin gadona ta ƙare mini kallo.

"Mai Kitso, banɗakin nan naku sai an kai shi kotu. Bara haƙarƙari, bana hannu. Ko sabulu kuke shimfiɗawa a ƙasa?"

Muka yi dariya ni da ita. Ta san na san ta sani. Ta gyara ɗankwalinta, ta ce ita kanta ba wanda zai taɓa shi sai na warke, ko da zai zama sheƙar tsuntsu. Ta ajiye mini lemo ta tafi.

Na saba da ciwon ɗori, na san yadda yake farawa da yadda yake sauka. Wannan daban ne. Ba a ƙashin yake ba, duk hannun ne ke bugawa, kamar an cusa shi a tukunyar ruwan zafi an rufe. Yatsuna suka kumbura suka yi sheƙi. In na yi ƙoƙarin miƙe su sai in ji zafin har cikin haƙorana. Barci kuwa sai dai in ga ana yi.

Na je na sami Iya tana fere sababbin sanduna a ƙofar ɗakinta.

"Iya, ɗaurin nan ya yi tsauri. Ko za a ɗan sassauta?"

"Ba a kwance ɗori kafin lokacinsa, 'yar nan. In na sassauta, ƙasusuwan za su goce, hannun ya warke a karkace. Zafin da kike ji ƙashi ne yake kama ɗan'uwansa. Haka Baba ya koya mini."

"Wallahi yana ci na, Iya."

Ta ajiye wuƙar. Ta dubi ƙofar zaure ta ga ba kowa, sannan ta naɗe hannun rigarta na dama har gwiwa. Shekara da shekaru muna gida ɗaya, ban taɓa lura ba. A tsakiyar hannun akwai wani tudu, ƙashin ya ɗan lanƙwasa daga nan.

"Taɓa."

Na taɓa da hagu.

"Uban mijinki ne, Allah ya jiƙansa. Da itacen girki. Mahaifina da kansa ya ɗora, bai ce uffan ba, yana gamawa ya sa aka raka ni ɗakina. Ga shi nan, da shi nake aiki har yau." Ta sauke hannun rigar. "Irin wannan karaya ina ganinta na gane. Ta mai kare kai ce. Mata nawa aka kawo mini da ita, kowace a banɗaki ta faɗi. Ke dai ki daure. Ai ke jaruma ce, ko uhum ba ki ce ba da ina ja."

Abin haushi, sai na ji daɗin yabon. Na koma ɗakina na daure. Na kira mahaifiyata a waya ina kuka, ta ce in yi ta salati, bayan wuya sai daɗi, kowace mace da irin nata. Na yi ta salati. Duk wanda ya leƙo ya ce sannu, in ce da sauƙi. Tun ina ƙarama abin da aka fi yaba mini ke nan, ba na raki. Da ni mai raki ce, da na cika unguwa da ihu har wani ya gaji ya kai ni asibiti.

Bayan 'yan kwanaki sai zafin ya ɗauke. Na farka da safe na ji shiru a hannun, tsit, kamar an kashe rediyo. Iya ta ɗaga hannu sama ta yi hamdala. Mijina ya shigo da leda cike da ayaba da madara, har da sabon mataji mai kyau, wai in fara shirin komawa aiki. Ya zauna nesa kaɗan yana murza hularsa.

"Kin ga, da mun je asibiti da yanzu sun naɗe ki da siminti wata da watanni. Allah ya sa kaffara ce. Kin yafe mini ko?"

"Allah ya yafe mana baki ɗaya," na ce. Ba ni da ƙarfin wata amsar.

Ran nan da azahar na yi alwala da hagu, na shafa a kan ɗaurin, na yi salla a zaune. Da na zo tahiya na ɗora hannun a cinyata, na kai kalmar shahada, na ɗaga manuniyata yadda na saba tun ina yarinya. Ba ta tashi ba. Na sake gwadawa. Ina kallon yatsar, ina ce mata ta tashi, tana kwance kamar ta wani. Sai a lokacin na dubi faratana da kyau. Sun yi duhu, kuma ba duhun lalle ba. Na sallame, na ɗauki tsinken kitso na soka a tafin hannun har ya shiga. Ban ji komai ba.

* * *

Akwai mutane a kan benci da na fito, Iya tana duba ƙafar wani magini a zaure. Ban yi sallama ba, na je na tsaya a kanta. Kafin ta ɗago sai na ga hancinta ya motsa. Warin ta fara ji, wanda ni na ɗauka na man ɗori ne da gumi.

Ta saki ƙafar mutumin, ta ja ni ɗaki, ta tura ƙofa. Ba ta tsaya neman bakin ƙulli ba, wuƙa ta sa ta yanke ƙyallen. Sandunan suka zubo, kowace ta bar shaidarta a cikin nama. Abin da ke ƙarƙashi ba zan kwatanta shi ba. Na dai san ba hannuna ba ne, na san hannuna.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Iya. Ta sake faɗa.

"Iya, zai tashi?"

Ta yayibi mayafinta, ta fita zaure ta ce wa masu jira yau ba aiki, kowa ya nemi asibiti. Magini ya ce, "Haba Iya, ni da na zo tun safe?" Ko waiwayarsa ba ta yi ba.

"Ba za a kira shi ba?" na tambaya, don ba na fita sai da izinin mijina.

"Wuce mu tafi."

Ta tsayar da mota a bakin titi. A kujerar baya ta ɗora hannun a cinyarta, ta lulluɓe shi da gefen mayafinta, tana ta shafa shi tana karanta duk abin da ta sani. Direba ya sauke gilashi. Ni kuwa ta taga nake kallon kawunan matan da muke wucewa, ina gane wadda kitsonta ya tsufa ko ta cikin ɗankwali.

* * *

Likitan matashi ne, da gani shi ma a gajiye yake. Yana buɗe mayafin ya ja da baya, ya daka tsawa.

"Wa ya ɗaure hannun nan haka?"

"Ni ce," in ji Iya.

"Ke ce mai ɗorin? Baba, kin san abin da kika yi? Kin hana jini wucewa, kin kashe mata hannu! Kullum muna faɗa, kullum sai an kawo mana irin wannan. Karayar da za mu gyara cikin sauƙi!"

Ya yi ta faɗa, ma'aikatan jinya suka taru, har masu jiran layi suna leƙe. Tsohuwar da ake rusuna mata a unguwa ta tsaya kanta a ƙasa tana cewa, "Haka ne, likita. Laifina ne." Duk faɗan a kan ɗaurin aka yi shi. Yadda aka yi hannun ya karye ba wanda ya bi ta kai.

Sai da wata ma'aikaciyar jinya ta zo sa mini ƙarin ruwa, tana neman jijiya a hannuna na hagu, ta tambaya ba tare da ta ɗago ba.

"Faɗuwa kika yi?"

Zazzaɓi ya riga ya rufe ni, ko shi ya sa bakina ya saki.

"Ba faɗuwa ba ce. Mijina ne. Da kujera."

Hannunta ya tsaya. Ta dube ni, ta dubi ƙofa, ta yi ajiyar zuciya irin ta wadda ta sha jin wannan magana.

"Allah ya saka miki, 'yar'uwa. Yanzu dai ta ranki muke yi. In kin tashi, akwai ofishin da ake kai irin wannan, zan nuna miki." Ta manna filasta, aka ƙwala mata kira daga wani gadon, ta tafi. Washegari aka mayar da ita wani ɓangaren, ban sake ganin ta ba.

Suka ce in ba a cire ba, ruɓar za ta hau ta kashe ni. Suka ce kuma sai mijina ya zo ya amince kafin a shiga da ni. Aka kira shi. Ya zo a guje da kayan aiki a jikinsa, ya amince, yana kuka har da shessheƙa, wani dattijo yana dafa kafaɗarsa yana ba shi haƙuri.

Da na farfaɗo, abin da na fara ji shi ne ƙaiƙayi a tafin hannuna na dama. Na duba wurin don in sosa. Daga gwiwa zuwa ƙasa zanin gado ne kawai, a shimfiɗe.

* * *

Labari ya zaga unguwa tun kafin a cire mini zare: ɗori ya ɓaci a hannun Iya, tsufa ya kama ta, ta nakasa surukarta. Matar mahauci ta ce mini an ɗauke bencin zaure, ba mai zuwa. Ta faɗa tana kuka, kanta a tsefe cikin ɗankwali. Yayana ya zo yana huci, wai sai ya yi ƙarar tsohuwar. Shi kuma Injiniya kowa tausayinsa yake ji, bawan Allah, ga mata ba hannu, ga uwa ta jawo masa abin kunya.

Iya ba ta fasa zuwa ba. Takan zauna a ƙasa kusa da gadona, ta ƙi hawa kujera, ta yi ta jan carbi. Ta rame, wuyanta ya fito. Wata rana da hantsi, masu jinya sun fita shan iska, na kira ta.

"Iya, me ya sa kika bari aka ce ke ce?"

"To ba ni na ɗaure ba?"

"Kin san abin da nake tambaya."

Carbin ya tsaya a hannunta.

"Ɗana ne, 'yar nan. Ni na gama rayuwata, in sunana ya ɓaci me ya rage? Shi kuwa yanzu ya fara."

"Ni kuma 'yar wace ce?"

Hawaye ya bi ramukan fuskarta. Na so in ji tsanarta, wallahi na nema, ban samu ba. Gajiya kawai na samu.

Da babana ya zo na gaya masa komai, tun daga silin gashi har kujera. Ya saurara bai katse ni ba. Ya cire hularsa ya riƙe. Ya tsufa shi ma, idonsa ɗaya ya daina gani, a gidan yayana yake zaune shi da mahaifiyata, ɗaki ɗaya aka ba su.

"Na ji, uwata," ya ce, da sunan da yake kirana tun ina ƙarama. "Allah ya isa tsakaninmu da shi. Amma in kin fito yanzu, ga yara, ga hannu ɗaya, ina za ki sa kanki? Kin ga yadda muke. Ki bari ki warke tukuna, sai a san abin yi."

Na san wannan tukunar. A cikinta na haifi 'ya'yana duka.

Bayan azahar lokacin shigowar masu dubiya ya yi. Mijina ya shigo da kular abinci, ya sha wanka, ya gaida kowane gado ɗaya bayan ɗaya. Jiya ma shi ya gyara fankar ɗakin da ta daɗe ba ta juyawa, matan sai sa masa albarka suke yi. Ya jawo kujera, ya gyara mini matashi, ya buɗe kular. Hannuna na hagu yana ɗaure da robar ƙarin ruwa, an ce kada in motsa shi, jijiyar da ƙyar aka same ta.

Ya ɗebo a cokali, ya hura, ya tara ɗayan hannunsa a ƙarƙashi kada ya zubo mini a riga.

Tsohuwar da ke gadon kusa da nawa ta tashi zaune tana kallon mu.

"Kai, yarinya, kin yi dace. Wani namijin da tuni ya gudu ya bar ki. Dubi yadda yake tattalinki. Allah ya ba 'ya'yanmu irinsa."

Ɗakin ya amsa da amin.

Cokalin yana bakin leɓena, tururi yana tashi. Tun safe ban ci komai ba. Na buɗe baki.